Maiƙo a Cikin Jini da Masu Kwashe Kolestarol

An shirya wannan ɗan littafi ne domin jama'a masu karatun Hausa ko'ina cikin ƙasar nan, musamman waɗanda likita ya taɓa aikawa gwajin kitsen jini, suka karɓo takardar sakamako, suka juya ta gaba da baya ba su fahimci kome ba. A birnin Bauchi, mai ciwon sukari ko hawan jini da ke zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, watau tsohon Asibitin Ƙwararru wanda aka mayar na koyarwa a 2010, da wuya ya daɗe yana zuwa ba a ba shi irin wannan takarda ba. Layi huɗu ne yawanci a kanta: jimillar kolestarol, da LDL, da HDL, da tiraigilisarid. Mutane sun ji ana ce da LDL mugun kolestarol, HDL kuwa na kirki, to, nan iliminsu ya tsaya. Layi na huɗu ba mai ko tambayarsa. Alhali kuwa shi da HDL tafukan sikeli ɗaya ne. Galibi in tiraigilisarid ya hau, HDL sauka yake yi. Dalilin wannan shi ne abin da za mu bayyana, tare da abin da mutum zai iya yi a kai.

Mai ba ya haɗuwa da ruwa

Tiraigilisarid shi ne ainihin maiƙon da muka sani. Man gyaɗa, da manja, da man shanu, da kitsen da ke jikin tsire da balangu, kusan dukansu shi ne. Shi ne kuma teɓar da ke taruwa a cikin mutum. Ƙirarsa kamar ta cokali mai yatsa uku ce: gindin shi ne gilisarin, irin wanda mata ke haɗawa da man shafawa lokacin hunturu, yatsun uku kuwa asid ɗin maiƙo ne, su ne makamashin da tsoka ke ƙonawa ta sami ƙarfi. Daga nan gaba za mu riƙa ce da shi maiƙo kawai. Kolestarol wani abu ne dabam. Ba a ƙona shi don ƙarfi, kayan gini ne, da shi jiki ke yin bangon ƙwayoyin halitta, da ruwan matsarmama, da waɗansu sinadaran haihuwa.

Kowace uwargida ta san in ta zuba mai a ruwa sama yake tasowa ya tsaya shi kaɗai. Jini kuwa yawancinsa ruwa ne. Saboda haka jiki ba ya sakin maiƙo da kolestarol haka nan cikin jini, sai ya ƙunshe su tukuna. Kowane ƙunshi yana da ciki da riga. A ciki ake zuba maiƙo da kolestarol ɗin da aka shirya don ajiya. Rigar kuwa an saƙa ta da furotin da wani abu mai fuska biyu kamar sabulu, fuska ɗaya tana kama mai, ɗayar tana kama ruwa. Ka riƙe maganar rigar nan, domin a kanta darasin yake.

Mafi girma cikin ƙunsan nan hanji ke yin sa bayan an ci abinci mai mai, sunansa kailomaikiron. Na biyu hanta ke yin sa dare da rana, likitoci na kiransa VLDL. Waɗannan biyu su ne manyan motocin dakon maiƙo. In aka sauke wa VLDL kayansa, abin da ya saura shi ke zama LDL, wanda ke cike da kolestarol, shi ne kuma ke kutsawa bangon jijiya ya taru har hanyar jini ta ƙuntata. Na huɗu shi ne HDL, ƙaraminsu duka, mafi nauyi kuma gwargwadon girmansa, domin kusan rabinsa furotin ne. Hanta da hanji ke haifarsa, yana fitowa kusan wofi, fale-fale kamar faifai, sa'an nan ya bi jiki yana tsintar kolestarol ɗin da ya yi yawa yana mai da shi hanta, ita kuma ta zubar ta cikin matsarmama.

HDL ba iri ɗaya ba ne

Wajen 1950, wani masani mai suna John Gofman da mutanensa a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka suka riƙa sa ruwan jini cikin wani inji mai juyawa sau dubbai a minti ɗaya. Kamar yadda ake kaɗa nono mai ya fito sama, haka ƙunsan nan suka rarrabu, mara nauyi a sama, mai nauyi a ƙasa. Da suka duba HDL sai suka tarar shi ma kashi-kashi ne. Akwai manya masu dama-daman nauyi, aka sa musu suna HDL2, akwai ƙanana masu nauyi ƙwarai, aka ce da su HDL3. Mai karatu zai ce ina na ɗaya? An sa wa wani kashi wannan lamba, amma ɗan kaɗan ne a jinin yawancin mutane, har aka daina kula da shi.

Abin lura shi ne HDL3 bai cika bambanta ƙwarai tsakanin mutum da mutum ba. HDL2 shi ne mai hawa da sauka. In ka ga mutum biyu, ɗaya HDL ɗinsa ya yi sama, ɗaya ya yi ƙasa, yawancin bambancin a manyan yake. Mata kafin su daina al'ada sun fi maza HDL2. Masu gudu da masu aikin ƙarfi sun fi masu zama. Mai teɓa da mai ciwon sukari nasu kaɗan ne. Kuma babba da ƙarami ba jinsi biyu ba ne kamar akuya da tunkiya. Abu ɗaya ne, yau ya girma, gobe ya ƙanƙance, gwargwadon abin da ya same shi a hanya.

Mai-tatsa

A 1943, wani mai bincike a Amurka, Paul Hahn, yana aiki da karnuka a kan wata matsala dabam ta jini. Karen da ya ci abinci mai mai, ruwan jininsa yakan yi fari kamar an zuba masa madara. Sai Hahn ya lura in aka sa wa karen hefarin, maganin nan mai hana jini daskarewa, cikin 'yan mintoci ruwan ya washe tas. Amma in an zuba hefarin a jinin da ke cikin kwalba, ba abin da ke faruwa. Ashe ba maganin ne ke wanke jinin ba, wani abu ne yake ɓamɓarowa daga bangon jijiyoyi. A 1955 Edward Korn ya fid da wannan abu daga zuciyar ɓera ya sa masa suna. Likitoci na taƙaita sunan da haruffa uku, LPL. Mu za mu kira shi mai-tatsa, domin aikinsa ke nan.

Mai-tatsa yana manne ne a bangon ƙananan hanyoyin jini, waɗanda suka fi gashi siranta, a cikin tsoka, da zuciya, da wuraren ajiyar kitse. Duk sa'ad da kailomaikiron ko VLDL ya zo wucewa, sai ya kama shi ya tatse, watau ya ɓalle yatsun nan daga gindinsu, su shige tsoka a ƙona, ko ma'ajiyar kitse a adana. Amma ba ya aiki sai an ba shi mabuɗi. Mabuɗin wani ɗan furotin ne wanda HDL ke ara wa manyan ƙunsa sa'ad da suka shigo jini, in an gama tatsa a mayar masa da abinsa. Tun daga nan ka ga akwai cuɗe-ni-in-cuɗe-ka tsakaninsu.

Bayan cin abinci mai mai, maiƙon jini yakan kai ƙololuwa cikin kamar awa 3 zuwa 5, ga mai lafiya kuma ya koma yadda yake cikin awa 6 zuwa 8. Wanda ya karya da masar Bauchi da man shanu da ƙarfe takwas, ya ci rana da ƙarfe biyu, ya ci tsire bayan isha'i, ka ga yawancin yininsa jininsa na ɗauke da maiƙon abinci ke nan. Ba laifi ba ne wannan, muddin mai-tatsa na da kuzari.

Rigar da ta yi yawa

To, ga inda HDL ya shigo. Babban ƙunshi ya zo ciki fal da maiƙo, rigarsa ta kama shi ɗam. Da aka tatse shi sai ya rame, rigar ta yi masa yawa, tana reto. Me tela ke yi da rigar da ta yi wa mai ita yawa? Sai ya rage ta. In kuwa akwai yaro a gidan wanda ke tasowa, ƙyallen da aka rage shi za a ƙara wa tasa rigar. Haka jiki ke yi, ba ya asarar kome. Ragowar rigar babban ƙunshi, da sabulun nan mai fuska biyu, da kolestarol ɗin da ke jikinta, da furotin, duk sai a kwashe a ɗora wa HDL3. Akwai kuma wani sinadari a jikin HDL wanda ke sarrafa kolestarol ɗin da ya sauka kan riga, ya tura shi can ciki. Riga ta ƙaru, ciki ya cika, ƙarami ya zama babba. HDL3 ya koma HDL2 ke nan.

An ga wannan da ido a ɗakin gwaji a 1978. Josef Patsch da abokan aikinsa suka haɗa VLDL da HDL3 na jinin mutum cikin kwalba, suka zuba musu mai-tatsa wanda aka tace daga nonon saniya, domin nono ma yana ɗauke da shi. Da aka tatse VLDL, sai HDL3 ya kumbura ya rage nauyi, ya koma kamar HDL2. A 1983 Patsch ya sake nuna abin a jikin mutane: an ba su abinci mai mai iri ɗaya, waɗanda HDL2 ɗinsu ke da yawa jininsu bai cika da maiƙo ba, ya kuma washe da wuri, waɗanda nasu ke kaɗan kuwa maiƙon ya tashi sama ya daɗe. A ƙasar Finlan ma, a 1978, an gwada 'yan gudun dogon zango aka tarar mai-tatsan tsokarsu ya fi na sauran mutane ƙarfi, HDL ɗinsu kuma ya fi yawa.

In tatsa ta yi sanyi

Yanzu mu juya al'amarin. A ce mai-tatsa ya yi rauni, ko kuwa hanta tana turo VLDL fiye da abin da zai iya ɗauka. Sai manyan ƙunsa su yi cunkoso cikin jini, kamar motocin da suka cika tasha ba masu sauke kaya. Hasara ta farko a fili take: ba a rage riga ba, HDL3 bai sami ƙyalle ba, bai girma ba.

Hasara ta biyu ta fi wannan muni. Akwai wani furotin a jini, CETP, wanda dillali ne, sana'arsa musaya. Yakan ɗauki kolestarol daga cikin HDL ya kai wa babban ƙunshi, ya ɗauko maiƙo daga can ya zuba wa HDL. In manyan ƙunsa kaɗan ne, kuma ba sa daɗewa, cinikinsa kaɗan ne. In kuwa sun yi yawa sun yi zaman dirshan, kasuwarsa ta buɗe. Kolestarol ɗin da HDL ya sha wahalar tsintowa zai kai hanta, sai ga shi an mai da shi cikin ƙunsan da ke iya shiga bangon jijiya, shi kuma HDL an cika masa ciki da maiƙo. Da ya isa hanta, akwai wani mai-tatsa na biyu, na hanta, wanda ke jiran irinsa. Sai ya tatse maiƙon, ya ɗebe wani abu daga rigar. HDL2 ya ƙanƙance ya koma HDL3, ko ma ƙasa da haka. Babban furotin ɗin da ke riƙe da shi ya yi sako-sako ya faɗo, ƙoda ta tace shi ta lalata. Haka HDL ke raguwa a girma da yawa gaba ɗaya.

Dillalin nan ba HDL kaɗai yake yi wa haka ba. LDL ma yana musaya da shi, mai-tatsan hanta ya ƙanƙantar da shi, ya zama ƙarami mai nauyi, wanda ke daɗewa cikin jini. Shi ya sa likita ke ganin abu uku tare a jinin mai teɓa da mai ciwon sukari: maiƙo a sama, HDL a ƙasa, LDL ƙanana. Tushensu ɗaya.

Masu-tatsa biyun nan kishiyoyi ne ke nan, na jijiya yana girmar da HDL, na hanta yana rage shi. Sinadarin mata yana danne na hanta, na maza yana zuga shi, wannan ne babban dalilin da ya sa mata suka fi HDL2. Samarin da ke yi wa kansu allurar sinadarin maza don tara ƙwanji su ji da kyau: HDL ɗinsu kan faɗi warwas cikin 'yan makonni.

Akwai kuma wata cuta ta gado, wadda ke samun kamar mutum ɗaya cikin miliyan, inda ake haihuwar yaro ba shi da mai-tatsa mai aiki sam. Jininsa in an ɗiba fari yake kamar kindirmo, HDL ɗinsa ƙasa ƙwarai, yana fama da ciwon ciki tun yana ƙarami. Sai yaro ya gaji abin daga uwa da uba duka yake fitowa, don haka an fi samunta inda auren zumunta ya yawaita.

Shaida ne ko mai laifi?

A 1975 wasu likitoci biyu 'yan'uwa, George da Norman Miller, suka jawo hankalin duniya ga cewa masu ƙarancin HDL sun fi kamuwa da ciwon zuciya. A 1977 babban binciken garin Firamingam na Amurka ya tabbatar da haka. Daga nan sunan kolestarol na kirki ya bi duniya, aka kuma ɗauka duk abin da ya ɗaga HDL zai tsare zuciya. A 1989 aka bayyana waɗansu mutane 'yan iyali ɗaya a Japan waɗanda ba su da dillalin nan CETP tun haihuwa, HDL ɗinsu manya-manya, yawansa ya ninka na sauran mutane. Kamfanonin magani suka ce to, a yi ƙwayar da za ta ɗaure dillali.

An yi ta kuwa. An gwada ta farko a kan mutum kimanin 15,000, HDL ya ƙaru da fiye da kashi 70 cikin ɗari, amma waɗanda suka mutu cikin masu shan ƙwayar sun fi na waɗanda ba su sha ba. Aka tsai da gwajin a watan Disamba 2006. Ƙwayar tana ɗaga hawan jini, sai aka ce laifinta ne ita kaɗai, aka gwada 'yan'uwanta, biyu daga cikinsu aka watsar a 2012 da 2015 domin sun ɗaga HDL ba su hana ciwon zuciya ba. A 2012 wani babban bincike na gado ya nuna mutanen da aka haifa da wani hali mai ɗaga HDL shi kaɗai ba su fi kowa tsira ba. A 2017 kuma, a ƙasar Denmak, aka tarar waɗanda HDL ɗinsu ya wuce kima sun fi matsakaita yawan mutuwa.

A ɗaya gefen kuwa, a 2014 aka sami mutanen da aka haifa da raunin wani furotin wanda aikinsa taka wa mai-tatsa birki. Tun da birkin ya yi sanyi, tatsarsu na gudu, maiƙon jininsu ya ragu da kimanin kashi 40 cikin ɗari, ciwon zuciya ma ya ragu musu da kamar haka.

Abin da ya fi dacewa a fahimta daga duk wannan shi ne, ƙarancin HDL yawanci shaida ne, ba shi ne ɓarawon ba. Maiƙon jini yana hawa da sauka cikin awoyi, abin da ka ci jiya da dare ma yana juya shi. HDL kuwa yana kwanaki cikin jini, don haka yana riƙe da labarin yadda tatsa ta gudana a makonnin baya. In ya yi ƙasa, yana gaya maka manyan ƙunsa da ragowarsu suna daɗewa a jijiyoyinka. Ba a kuma gyara ɓarna da ba shaida cin hanci ya sāke magana. Game da babba da ƙarami kuwa, an daɗe ana cewa HDL2 ne mai tsaro, amma binciken da aka yi daga baya ya rarrabu, waɗansu sun ba babba, waɗansu sun ba ƙarami. Saboda haka ba a umurtar kowa ya kashe kuɗinsa wajen gwajin rarrabe su. Aikin masu bincike ne. Duk kuma mai tallar da ya ce maka garinsa ko ruwansa yana ƙara kolestarol na kirki, ko da gaskiya ya faɗa, bai ce maka zai tsare zuciyarka ba.

Mu a nan gida

A 2001 aka buga wani bincike da aka yi kan Fulani makiyaya a tsaunukan Jos, maƙwabtan Bauchi. Kusan rabin ƙarfin abincinsu daga maiƙo yake fitowa, nono da man shanu, amma jininsu lafiya lau, maiƙo da HDL daidai, LDL ma ƙasa. Dalilan da masu binciken suka kawo su ne jimillar abincin nasu kaɗan ce, ba su da ƙiba, kuma kullum a tafe suke bayan shanu. A Katsina kuwa, wani bincike da aka buga a 2010 kan mutum 300 mazauna gari, waɗanda a ido lafiyarsu ƙalau, ya tarar fiye da rabinsu HDL ɗinsu a ƙasa yake. Kada ɗan birni ya ce zai sha man shanu kamar Bafillace, sai in zai bi shi kiwo.

Akwai kuma wani abu da ya kamata kowa ya sani, har da malaman asibiti. An tabbatar cewa mutanen da asalinsu Afirka ta Yamma ne, maiƙon jininsu yakan fi na Turawa da Indiyawa ƙasa, ko da suna da ƙiba, ko da ciwon sukari ya fara kama su. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne mai-tatsanmu ya fi ƙarfi. Alheri ne, amma yana iya ruɗi, domin mutum zai ga lambar maiƙonsa ba ta kai iyaka ba ya saki jiki, alhali sukari da hawan jini suna cinsa. Gwajin kitse ba ya maye gurbin gwajin sukari da awon jini.

Abin da ke ƙarfafa tatsa da abin da ke kashe ta

Babu abin da ke tada mai-tatsan tsoka kamar motsi. Tafiya mai sauri ta yammacin yau tana rage maiƙon da zai taru a jini bayan abincin gobe. Amma amfanin ba ya ajiyuwa, cikin kwana biyu ko uku ya gushe in an daina. An gwada ɓeraye, aka hana su taka ƙafa, cikin yini guda mai-tatsan tsokar ƙafarsu ya faɗi ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, watau kamar rabin awa sau biyar. Ba sai an je Filin Wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa an sa gajeren wando ba. Iyayenmu daga Wunti zuwa Babbar Kasuwa da ƙafa suke zuwa, yau sai an tsai da babur ko Keke Napep. Ɗan kasuwar Muda Lawal da ke wuni kan benci, da ma'aikacin ofis, da direban doguwar hanya, su ne suka fi bukatar wannan magana. Matan da ba sa fita kuwa, shara da daka da kai-da-kawowa a tsakar gida duk motsi ne, in an yi su da kuzari har numfashi ya ɗan tashi.

Na biyu sukari ne, kuma nan mutane da yawa ke kuskure. Suna tsammani mai kaɗai ke kawo maiƙo. Hanta tana juya rarar sukari da gari mai laushi ta mai da su maiƙo, ta ɗura cikin VLDL. Shayi mai cokali huɗu na sukari da burodi da safe, farar shinkafa ko taliya da rana, lemon kwalba a kai, ga zoɓo da kunun aya da aka cika wa zaƙi, wannan ya isa ya ɗaga maiƙon mutum ko bai taɓa kitse ba. Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari, wanda Dokar Kuɗi ta 2021 ta kawo, yana da nasaba da irin wannan illa. Tuwon dawa da na gero da acha, da wake, da zogale da rama da kuɓewa, sun fi sauƙi ga hanta. Kifi mai mai, irin na ƙanƙara da ake sayarwa ko'ina, yana rage maiƙon jini. Da azumi ma a kula, kada buɗa-baki ya zama soye-soye da zaƙi zalla sa'an nan a bi shi da kwanciya.

Teɓa tana hana insulin aiki, in kuwa insulin bai yi aiki ba, ma'ajiyar kitse tana ta kwararo asid ɗin maiƙo zuwa hanta, mai-tatsanta kuma ya yi sanyi. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki, watau kilo 4.5 zuwa 9 ga mai kilo 90, yana sauko da maiƙo a fili. Taba tana rage HDL, wanda ya bari nasa yakan ɗago cikin 'yan makonni. Giya tana ɗaga lambar HDL, amma tana ɗaga maiƙo da hawan jini tare, ba magani ba ce. Ƙwayoyin ƙiba da ake ce wa sha-ka-fashe, waɗanda sau da yawa dekisametason ne a cikinsu, suna ɗaga maiƙo da sukari duka. Ciwon ƙoda, da raunin maƙoƙo, da waɗansu magungunan asibiti su ma suna ɗaga shi, don haka a gaya wa likita duk abin da ake sha. Mai ciki maiƙonta yakan ninka biyu ko uku a watannin ƙarshe, wannan halitta ce, yana sauka bayan haihuwa.

Yadda za ka karanta takardarka

Dubi ma'aunin da aka yi amfani da shi tukuna, domin iri biyu ne. Yawancin asibitocinmu milimol a lita suke rubutawa, waɗansu kuwa miligiram a desilita. Maiƙo in an gwada ba a ci abinci ba, ana so ya kasance ƙasa da milimol 1.7, watau miligiram 150. Daga 2.3, watau 200, ya yi yawa. Daga 5.6, watau 500, ya yi yawa ƙwarai, sai an haɗa da magani. HDL ana ce ya yi ƙasa in bai kai milimol 1.0 ba ga namiji, watau miligiram 40, ko 1.3 ga mace, watau 50. A da dole ne a kwana ba a ci kome ba awa 9 zuwa 12 kafin a ɗibi jini. Yanzu likitoci da yawa na karɓar gwajin da aka yi ba azumi, in maiƙon ya fito sama sai su ce a sāke da azumi. Ka bi abin da aka gaya maka a inda za a yi gwajin, ruwa kuwa ba ya ɓata shi.

In likita ya ga LDL ya hau, ko kana da ciwon sukari, ko ka taɓa samun ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, zai fi mai da hankali ga sauko da LDL da maganin da ake kira sitatin, ko da abin da ya dame ka HDL ne. Daidai ya yi, domin rage LDL shi ne aka tabbatar yana hana mutuwa. Maganin fenofaibiret da danginsa suna zuga mai-tatsa, an fi ba da su ga wanda maiƙonsa ya wuce 5.6.

Wanda nasa ya kai milimol 11, watau wajen miligiram 1,000, yana cikin haɗarin kumburin fankiriyas, gaɓar nan da ke kwance bayan tumbi wadda ke yin insulin. Alamarsa ciwo mai tsanani a saman ciki wanda ke ratsawa zuwa baya, da amai. Mai irin wannan lamba ya bar mai da sukari da giya nan take, ya koma wurin likita cikin makon, in kuwa ciwon cikin ya taso, a kai shi asibiti ko da tsakar dare ne, kada a tsaya ba shi jiƙo.